Afendis da Juna Biyu: Ciwon da Ke Fakewa a Bayan Laulayi



Duk macen da ke zuwa awo ta san abubuwan da ake ja mata kunne a kansu: zubar jini, kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, doguwar naƙuda. Yau zan yi magana ne a kan wani ciwo da ba a cika ambatonsa a layin awo ba, domin ba daga mahaifa yake tasowa ba, amma idan ya riski mace tana ɗauke da ciki yana iya raba ta da abin da ke cikinta, wani lokaci ma ya tafi da ita kanta. Ciwon afendis nake nufi. Ina roƙon magidanta kada su kauda kunne don sun ji an ce mata, rabin maganar nan tasu ce.

Afendis wani ɗan guntun hanji ne siriri, yana maƙale kusa da inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Lungu ne marar ɓullewa: ƙofarsa ɗaya, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Muddin ƙofar nan a buɗe take, mutum zai rayu har ya tsufa bai san yana da shi ba. Ranar da ta toshe kuwa, majinar da yake fitarwa sai ta rasa hanya, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, ya kumbura, jini ya daina isa jikinsa, ya fara ruɓewa. In aka ƙyale shi sai ya fashe, mugunya da ƙazantar hanji su malale cikin ciki. Duk wannan yana iya kammaluwa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma haɗarin fashewar yana ƙaruwa da zarar an haura awa 36 da fara ciwon.

Abin da ya fi toshe shi shi ne ɗan bayan gida da ya bushe ya dunƙule, ko kumburin wasu 'yan kaluluwa da ke jikinsa, a wasu lokuta kuma tsutsar ciki. A yankunan da ake fama da tsargiya likitoci sun sha samun ƙwan tsutsarta a jikin afendis da aka cire. Ita kuwa maganar da muka taso muna ji, wai tsakuwar shinkafa ko 'ya'yan gwaiba ke taruwa a wurin, ba safai ake tarar da haka ba idan an buɗe. Don Allah kada a hana mai ciki gwaiba da tumatir saboda wannan tsoro, jikinta na buƙatarsu.

To, yaya yawan ciwon yake? Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1990, wanda har yau ake kafa hujja da shi, ya nuna cewa a cikin maza 100 kusan 9 za su gamu da afendis a tsawon rayuwarsu, a cikin mata 100 kuwa kusan 7. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Ku duba taron biki ko na suna, ku ƙirga mutum 14, a lissafin can ɗaya daga cikinsu zai kwanta a ɗakin tiyata saboda shi. A da ana ɗaukarsa ciwon Turai. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta a 1971 cewa da wuya ya ga afendis a ƙauyukan Afirka, ya kuma danganta hakan da cimar mutane, wadda ke cike da dusa da ganye. Zamani ya juya. Birane sun cika, tuwon dawa da miyar kuka sun ja baya a gidaje da yawa, burodi da taliya da lemon kwalba sun shigo. A yau afendis na cikin manyan dalilan da ke sa a yi wa mutum aikin ciki na gaggawa a asibitocin Najeriya. Ko cima ce kaɗai ta kawo haka, ko kuwa har da cewa yanzu an fi zuwa asibiti an fi gano shi, abin da ke gabanmu dai shi ne ciwon ya zama namu.

Ga wurin da nake so a natsu. Afendis ya fi kama mutum tsakanin shekara 10 zuwa 30. A wurinmu waɗannan su ne ainihin shekarun aure da haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna mace a shiyyar Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6 zuwa 7 a rayuwarta, haka abin yake ko kusa da haka a Jamhuriyar Nijar. Ciki 7, kowanne wata 9, ya kama wata 63 ke nan, fiye da shekara 5 cur mace tana ɗauke da juna biyu, kuma mafi yawansu a cikin shekarun da afendis ya fi kai farmaki. Baturiyar da za ta haifi ɗaya ko biyu, da wuya ciwon ya yi kiciɓis da cikinta. 'Yar'uwarmu ta Katsina ko ta Maraɗi kuwa, in har ciwon zai zo mata, akwai kyakkyawar yiwuwar ya tarar da ita da ciki.

Sai tambayar da mata ke yawan yi: shin cikin ne ke jawo shi? A'a. Abin mamaki ma, alƙaluma sun nuna akasin haka. Wani bincike a ƙasar Suwidin a 2001, da wani a Ingila a 2015, duka sun gano cewa mace mai ciki ba ta kai wadda ba ta da shi kamuwa da afendis ba. A na Ingila an samu ragin kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma ragin ya fi yawa a watanni ukun ƙarshe. Wasu masana na danganta hakan da sauyin da garkuwar jiki ke yi lokacin goyon ciki. A dunƙule, ana samun afendis a ciki ɗaya cikin 1,000 zuwa 1,500, ya kuma fi bayyana a watanni ukun tsakiya. Duk da wannan ƙaranci, idan aka ware ayyukan da suka shafi haihuwa kanta, babu aikin gaggawa da aka fi yi wa masu juna biyu kamarsa.

Ke nan matsalar ba a yawansa take ba. Matsalar ita ce idan ya zo wa mai ciki yakan zo a ɓoye, ya saje da abin da kowa ya ɗauka laulayi ne.

Ga mutumin da ba shi da ciki, afendis yana da tafiyar da likitoci suka haddace. Ciwo zai fara a kewayen cibiya, wani irin ciwo da mutum ba zai iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya ba. Sha'awar abinci ta ɗauke. Zuciya ta riƙa tashi, a yi amai sau ɗaya ko biyu. Bayan wasu awoyi, ko zuwa washegari, sai ciwon ya tattara ya koma ƙasan ciki ta dama ya kafe a nan, jiki ya yi ɗumi. Tari ya zama azaba, dariya ma haka. Mutum ya riƙa tafiya a duƙe yana dafe da wurin. Yanzu ku ɗora wannan a kan mace mai cikin wata uku ko huɗu. Tashin zuciya? Kullum da shi take kwana take tashi. Amai? An saba. Ƙin abinci? Laulayi ne. Ciwon mara ta gefe? Ai kowace mai ciki ta san yadda jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ke miƙewa suna ɗan sukarta idan ta juya. Babu alama ɗaya a cikin waɗannan da uwar miji ko ungozoma ba za ta ce ta gani sau ɗari ba, kuma gaskiyarta.

Hatta gwajin jini yana iya ruɗar da likita. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ƙaruwa idan cuta ta shiga jiki, a lafiyayyen mutum sukan tsaya tsakanin 4,000 zuwa 11,000. A jikin mai ciki lafiyayya suna iya kaiwa 15,000, lokacin naƙuda ma su wuce haka nesa. Sakamakon da zai tayar wa likita hankali a kan saurayi, a kan mai ciki sai ya zama ba ya cewa komai.

Sannan ga mahaifa tana girma tana ture komai. A 1932 wani likita mai suna Baer da abokan aikinsa a Amurka sun bayyana cewa afendis yana hawa sama yayin da ciki ke tsufa, har ya kai kusa da haƙarƙari. An shekara da shekaru ana koyar da haka. Binciken da aka yi daga baya, ciki har da wanda aka wallafa a 2000, ya nuna cewa mafi yawan masu ciki, ko da a wata na takwas ne, a ƙasan ciki ta dama suke jin ciwon. Amma akwai waɗanda nasu ke hawa kwiɓi ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ya zaga ta baya. Don haka mai tsohon ciki da ke jin ciwo a ko'ina a ɓangaren dama, kada wani ya ce mata ai afendis ba a nan yake ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi duk waɗannan tayar mini da hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon layya ya ga wani shimfiɗaɗɗen kitse mai raga-raga da ke lulluɓe da hanji. Mu ma muna da irinsa. Idan afendis ya fashe, kitsen nan kan matsa ya naɗe wurin, ya killace mugunyar a gefe guda, ya sama wa mutum ɗan lokaci. A tsohon ciki mahaifa ta riga ta ɗaga shi sama, ba ya iya isa wurin. Sai mugunyar ta bazu ko'ina. Fatar cikin kuma ta miƙe ta yi nesa da afendis ɗin, saboda haka taurin cikin da likita ke nema da hannunsa ba lallai ya ji shi ba. Ciwo ya yi nisa a ciki, a waje kuwa alamunsa kaɗan ne. Ita mahaifa, da zarar mugunya ta taɓa jikinta sai ta fara murɗawa. Daga nan ne ɓari ke zuwa, ko naƙuda tun lokaci bai yi ba, a haifi bakwaini.

A 2007 an wallafa wani bincike da ya duba mata masu ciki sama da 3,000 da aka cire wa afendis a jihar Kalifoniya ta Amurka. Inda aka yi aikin kafin ya fashe, kashi 2 cikin 100 ne suka rasa cikin. Inda ya riga ya fashe ko ya tara mugunya, kashi 6 ne, ninki uku ke nan. Haihuwa kafin lokaci kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa 11. Ku tuna wannan a Kalifoniya ne, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida cikin mintuna, ga jini a ajiye, ga kwalbar renon bakwaini. Tsofaffin rahotanni, na zamanin da magani bai kai na yau ba, sun nuna asarar ciki da ta kai kashi 20 zuwa sama idan mugunya ta bazu. Mace da ke ƙauye mai nisan awa uku da ɗakin tiyata, halin da take ciki ya fi kusa da na tsofaffin rahotannin. Tun a 1908 wani likita Ba'amurke mai suna Babler ya rubuta cewa abin da ke kashe mai ciki a ciwon afendis shi ne jinkiri. Sama da shekara 100 ke nan, babu wanda ya ƙaryata shi.

Shi kuwa jinkiri mun san kamanninsa a gidajenmu. A ce yarinya ce 'yar shekara 18, cikin fari, wata biyar. Ciwo ya fara mata bayan la'asar. Ba za ta faɗa ba, domin cikin fari abin kunya ne, ko sunansa ba a kamawa a gaban manya, kuma tun tana ƙarama aka koya mata cewa mace ta gari ba ta raki. Da daddare ta kasa cin tuwo, ta yi amai, ta kwanta ta gefen dama ta naɗe ƙafa, domin in ta miƙe ƙafar sai ta ji kamar ana zare mata wani abu. Da safe uwar miji ta lura, ta ce ɗan ne ke juyi, a ba ta jiƙo. Azahar ta yi ba sauƙi, a aiki yaro kemis. Mai kemis bai ga marar lafiya ba, bai taɓa cikinta ba, ya ƙulla maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe zafi da kafso ɗin nan ja da yalo. Ciwo ya ɗan lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi. Maigida yana Legas ko Fatakwal wajen nema, wayarsa ba ta shiga, ba kuma wanda zai ɗauki matar wani ya kai asibiti ba da izininsa ba. A rana ta uku sai ciwon ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci. Wannan sauƙin shi ne mafi muni a cikin labarin, domin sau da yawa alama ce ta cewa abin ya fashe, matsin da ke cikinsa ya saki. Bayan 'yan awoyi zazzaɓi ya rufe ta, ciki ya ɗauki ciwo gaba ɗaya, mara ta fara murɗa. Sai a lokacin za a nemo a-daidaita-sahu, kowane rami da aka faɗa tana cije leɓe tana riƙe ƙarfen kujera.

Babu mugu ko ɗaya a cikin mutanen nan, kowa abin da ya sani ya yi. Amma ku duba abin da aka ba ta. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna rufe ciwo su ɓoye zazzaɓi, kuma daga tsakiyar ciki zuwa sama suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. Kafso ja da yalo, wato tetracycline, yana ɓata haƙora da ƙashin jariri. Maganin wankin ciki kuwa, na bature ne ko na gargajiya, tunzura hanji yake yi a daidai lokacin da ake so ya kwanta. Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa, tun daga wani sanannen rubutu na Thaddeus da Maine a 1994, suna maganar jinkiri iri uku: na yanke shawarar tafiya asibiti, na isa can, da na samun kulawa bayan an isa. Na farkon a hannunmu yake, ba ya buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Magidancin da zai yi tafiya ya bar mace da ciki, ya bar izini a bayansa, a fili, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa: in ta ce ciwo, a kai ta, kada a jira ni. Ya kuma bar abin da za a shiga mota da shi. Ban ga abin da wannan zai rage masa na girma ba.

Na san abin da ke zuciyar mutane da yawa, tsoron wuƙa. Da an ce za a yi wa mai ciki aiki sai dangi su ɗauka an gama da ɗan. Zan faɗi yadda abin yake. Ana cire afendis a kowane wata na ciki. Likita ba ya buɗe mahaifa, gefenta yake bi. Idan cikin ya tsufa akan ɗan karkatar da matar ta hagu a kan gadon aiki don kada nauyin mahaifa ya danne manyan jijiyoyin jini, a saurari bugun zuciyar ɗan kafin aiki da bayansa. Magungunan sa barci da ake amfani da su yanzu ba a same su da nakasa jarirai ba a irin wannan aiki na lokaci ɗaya. Wasu asibitoci suna yanka ɗan wuri a gefen dama, wasu kuma suna huda ƙananan ƙofofi su zura kyamara, hanyar da wani likitan mata Bajamushe mai suna Kurt Semm ya fara cire afendis da ita a 1980. Kowacce aka bi, in an yi da wuri matar kan koma gida cikin 'yan kwanaki da cikinta. Kuma cire afendis ba ya wajabta a yi mata aiki wajen haihuwa. In lokacinta ya yi za ta iya haihuwa da kanta kamar kowa.

Wani zai ce ya ji yanzu ana warkar da afendis da allurai kawai. Akwai ƙamshin gaskiya. An gwada haka a ƙasar Finlan, aka wallafa a 2015, aka sake gwadawa a Amurka, aka wallafa a 2020. A na Amurka, kusan mutum 3 cikin 10 da aka ba magani kawai sai da aka dawo aka yi musu aikin cikin wata uku. Abin lura shi ne duka gwaje-gwajen biyu ba su sa masu ciki a ciki ba. Don haka ga mai juna biyu har yanzu aiki shi ne hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita, allurai kuma su taimaka masa.

Amma fa kada a ɗauka komai a wajen likita a sauƙaƙe yake. Shi ma gaba kura ne baya sayaki. Wancan binciken na Kalifoniya ya nuna cewa a cikin masu ciki da aka buɗe, kashi 23 cikin 100 an tarar afendis ɗinsu lafiya lau, kuma a cikin waɗannan kashi 4 sun rasa cikin. Wato in ya yi jinkiri ya jawo asara, in ya yi gaggawar yanka ba dalili nan ma akwai asara. Abin da ke raba gardama shi ne hoto. Akan fara da sikanin, wanda ba ya cutar da ɗa, sai dai idan ciki ya girma sau da yawa ba ya hango afendis ɗin. Na gaba shi ne hoton MRI, wanda ke nuna wurin sarai ba tare da haskaka jariri da tururin da ke cikin hoton ƙashi ba. To, MRI nawa muke da su? Sai a manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu a birane, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Likitan babban asibitin ƙaramar hukuma hannunsa da idonsa da agogonsa kawai yake da su. Abin da ya dace ya yi, kuma nagari suna yi, shi ne ya kwantar da ita, ya sake taɓa cikin bayan awa biyu ko uku, ya kira likitan mata su duba tare, in abin ya fi ƙarfin wurin ya tura ta gaba tun da rana.

Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne al'adar nan ta "maleriya da taifot". Mace ta zo da ciwon ciki da zazzaɓi, a ɗebi jini a yi gwajin Widal, ya nuna wani abu kamar yadda yakan nuna a jinin ɗimbin lafiyayyu a ƙasashenmu, a rubuta allurai a ɗaura ruwa a sallame ta, ba wanda ya ce ta kwanta ya ɗora hannu a cikinta. Kwana biyun da aka ɓata a nan su ne kwana biyun da afendis ke buƙata ya fashe. A ɗaya gefen kuma akwai wuraren da duk budurwar da ta shiga da ciwon mara sai an ce afendis ne a kawo kuɗin aiki. Wannan cin amana ne, kuma shi ke sa mutane su ƙi yarda ranar da maganar ta zama gaskiya. Hakkin miji ne, hakkin matar ne, su tambaya: likita, me ka gani? Me ya sa kake zaton shi ne? In akwai lokaci a ji ta bakin likita na biyu. In kuwa an ce ya fashe ko yana dab da fashewa, lokacin shawara da dangi na nesa ya wuce, a sa hannu.

Ciwon dama a jikin mai ciki ba lallai ya zama afendis ba. A farkon ciki yana iya zama ɗan tayi ne ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe jini ke zuba a ciki cikin awoyi. Yana iya zama ƙwan mace ne ya murɗe, ko ciwon sanyin fitsari ya hau ƙoda, ko tsakuwar matsarmama, ko ƙarin mahaifa da ya rasa jini, ko taifot na gaske ya huda hanji, ko tashin ciwon sikila. A tsohon ciki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ciwon kai da kumburi yana iya zama hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga. Ku sake bin jerin nan da kunnenku: babu ko ɗaya da jiƙo ko ƙullin kemis ke warkarwa. Saboda haka ba aikin mutanen gida ba ne su gano wanne ne. Aikinsu su gane cewa wannan ciwon ba irin na kullum ba ne.

Gane hakan kuwa bai yi wuya ba. Sukar jijiyar mahaifa takan zo ne idan mace ta juya ko ta miƙe da sauri, ta yi daƙiƙoƙi ko mintuna ta wuce, in ta huta ta lafa. Naƙuda tana zuwa tana tafiya, tsakanin murɗa da murɗa mace na iya magana har da murmushi. Ciwon afendis ba ya tafiya. Yana nan, yana ƙaruwa, motsi na tsananta shi, tari na tsananta shi. Aman laulayi ya saba zuwa ba tare da ciwo ba, yawanci kuma yakan ja baya bayan wata na uku ko na huɗu. Aman da ya dawo bayan ya daɗe da tafiya, kuma ciwo ya riga shi zuwa, abin tuhuma ne. 'Yar'uwa, in ciwo ya kafe miki a wuri ɗaya ya kai awa 4 zuwa 6 bai sassauta ba, ki faɗa, ko da cikin fari ne, ko da a gaban surukai ne. Iyaye mata, ku da kuka haifi takwas da tara kun fi kowa sanin ciwon ciki na al'ada. In kuka ga wanda bai yi kama da shi ba, ku ne ya kamata ku fara cewa a tashi.

Ga hukumomi kuma, a 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Ma'aunin da kwamitin ya kafa shi ne mutum ya iya isa, cikin awa 2, asibitin da ke iya buɗe ciki, da ciro ɗa ta hanyar aiki, da gyara karayar da ƙashi ya fito. Asibitin da aka yi wa fenti aka kafa allo, amma babu mai ba da maganin barci, babu jini, babu wuta da daddare, bai shiga wannan lissafi ba. Kowane shugaban ƙaramar hukuma zai iya auna yankinsa da wannan ma'auni a yau ɗin nan.

Idan an tashi tafiya, kada a ba ta abinci ko kunu don wai ta samu ƙarfi, domin in aiki ya kama ana so cikinta ya zama babu komai. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza, kada a kai wa mai gyaran ciki. A ɗauki katin awo da kwalayen duk maganin da ta sha, har da sunan jiƙon, a faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye. A tafi da namiji ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini. A nufi asibitin da aka san ana tiyata, kada a tsaya ɓata lokaci a inda ba a yi. In an isa, ita da kanta ta faɗi lokacin da ciwon ya fara, da wurin da ya fara, da wurin da ya koma, da ko amai ne ya riga ko ciwo. Mai jego ma wannan maganar ta shafe ta: a makonnin farko bayan haihuwa fatar ciki a sake take, ba ta yin tauri ko da akwai mugunya a ciki, ga shi kowa zai ce ciwon bayan haihuwa ne a ƙara mata ruwan wanka da kunun kanwa. Mai jegon da ciwo ya kafe mata a dama, ga zazzaɓi, ita ma a kai ta a duba, ko arba'in bai cika ba.